Wurin tunawa da 'yan sandan da suka rasu a bakin aiki: me za a gina, kuma a ina?

"Assalamu alaikum. Ni tsohon sufeton 'yan sanda ne, na ajiye kaki bayan shekara 35. Ƙungiyarmu ta tsofaffin jami'ai ta kafa kwamiti domin a gina wurin tunawa da abokan aikinmu da aka kashe a bakin aiki a jiharmu, kuma ni aka ɗora wa shugabanci. Wani ɗan kwangila ya kawo mana zane: mutum-mutumin ɗan sanda riƙe da bindiga a kan doguwar hasumiya, a tsakiyar shataletale, ga famfo mai feshin ruwa a kewaye. Rabin kwamiti sun ce gunki ne, ba da su ba. Rabi sun ce in babu mutum-mutumi wa zai gane na 'yan sanda ne. Wasu daga cikin matan mamatan kuma sun ce a fara biyansu haƙƙinsu tukuna. Ina mafita?"

Wa alaikumus salam, Yallaɓai. Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya ba iyalansu haƙuri. In na fahimce ka, gardamar kwamitinku ta tsaya a kan mutum-mutumi, amma ni da na karanta wasiƙarka abin da ya fi damuna shi ne ɗan kwangilar ya kawo zane tun ba a san mutum nawa za a tuna da su ba, ba a san sunayensu ba, ba a kuma tambayi ko mutum ɗaya daga cikin iyalansu ba. A sana'armu ta zanen gine-gine wannan daidai yake da tela ya yanka yadi bai auna mai rigar ba. Zan taɓo mutum-mutumin, amma inda aikin yake shi ne sunaye, sai wurin da za a ajiye su, sai wanda zai riƙa share wurin bayan an yanke kyalle an watse.

Yadda wasu suka yi nasu

A Washington ta Amurka akwai wurin tunawa da jami'an tsaron cikin gida da aka buɗe a watan Oktoba na 1991, wanda Davis Buckley ya zana. Babu hasumiya. Katanga biyu ne masu lanƙwasa, gajeru, kowace tsawonta ya kai mita 93, ga bishiyoyi a gefe. Da aka buɗe shi sunaye sama da 12,000 ne a jiki, yanzu sun haura 20,000, domin kowace shekara a watan Mayu ana ƙara sababbi, a taru da dare a karanta su da baki ɗaya bayan ɗaya. Wato tun ran gini suka san jerin ba zai tsaya ba, suka bar masa fili.

Na Landan labarinsa ya faro ne daga mace ɗaya, Yvonne Fletcher, 'yar sandan da aka harbe a gaban ofishin jakadancin Libiya ranar 17 ga Afrilu, 1984. Mai shirya fina-finai Michael Winner ya kafa gidauniya a shekarar, aikinta dasa ɗan ƙaramin dutse a daidai wurin da jami'i ya faɗi. Babban wurin tunawar na ƙasa sai a 2005 Sarauniya Elizabeth ta buɗe shi, zanen Norman Foster da Per Arnoldi, kuma abin da ke zuciyarsa littafi ne na sunaye a bayan gilashi, ana juya shafinsa lokaci-lokaci. Shekara 21 ke nan tsakanin niyya da cikawa, kada kwamitinku ya ga kamar ya makara.

Indiya kuwa ta fara da irin zanen ɗan kwangilarku. An kafa doguwar hasumiyar ƙarfe a unguwar Chanakyapuri ta birnin Delhi, aka yi ta ƙorafi a kan ta ɓata fasalin unguwar, magana ta kai kotu, a ƙarshe aka kwance ta. Wanda ke tsaye yanzu an buɗe shi ranar 21 ga Oktoba, 2018: dunƙulen dutse guda mai tsawon ƙafa 30, da katanga mai ɗauke da sunaye fiye da 34,000. Ranar ma ba da ka aka zaɓe ta ba, ita ce ranar da sojojin Sin suka kashe 'yan sandan Indiya goma a yankin Ladakh a 1959.

Ƙasashe uku, addini daban, arziki daban, amma duk sun koma kan suna. Ba kuma su suka fara ba, katangar tunawa da sojojin Amurka na yaƙin Biyetnam da Maya Lin ta zana, wadda aka buɗe a 1982, ita ta nuna wa masu sana'armu cewa mutane ba sa zuwa kallon gini, sunan nasu suke zuwa nema, su ɗora hannu a kai.

Mutum-mutumin

Ni ba malami ba ne, fatawa ta malamai ce, ku kai musu. Amma duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san hadisin da ke cikin Sahihu Muslim inda Sayyidina Ali ya aiki Abul Hayyaj da umarnin kada ya bar wani mutum-mutumi sai ya shafe shi, kada ya bar kabari mai tudu sai ya daidaita shi. Rabin kwamitinku da suka ja baya ba rigima suke nema ba. Kuma a wajen mai zane hujjar a fili take: in uwar mamaci ba za ta iya tsayawa a gaban abin ta ɗaga hannu ta yi wa ɗanta addu'a da natsuwa ba, ginin ya faɗi jarrabawa komai kyansa. Abokan aikinku Kirista ba su rasa komai in babu mutum-mutumi, Musulmi kuwa da yawansu za su ƙaurace in akwai shi. Lissafin bai da wuya.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa a gaban manya ba. Ɗan sanda riƙe da bindiga yana kallon jama'a daga sama, ba kowa ne zai gan shi ya tuna da sadaukarwa ba. Direban da aka tare a shingen hanya da safe wani abu daban zai tuna. Kun fi ni sanin abin da ya faru a watan Oktoba na 2020 lokacin zanga-zangar EndSARS, da caji ofis nawa aka ƙona. Mutum-mutumi yana wakiltar hukuma, ita kuwa hukuma tana da masoya tana da masu jin haushinta. Amma "Kofur wane ɗan wane, ya rasu yana da shekara 29" ba hukuma ba ne, ɗan wani ne, kuma ko mai jin haushin kaki yakan sassauta a gabansa.

Masu cewa ba za a gane na 'yan sanda ba ne, a sassaƙa tambarin rundunar a bakin ƙofa, a sa zare uku na launin tutarku, shuɗi da rawaya da kore, a jikin ginin. Ya wadatar. Ko tambarin ma, tunda akwai giwa da gaggafa a jikinsa, a nuna wa malaman tun kafin a kai wa mai sassaƙa.

Sunaye, inda gumin yake

Wa zai shiga? Kafin a sayi buhun siminti ɗaya, ku rubuta ƙa'ida a takarda, kowa ya sa hannu. Wanda 'yan bindiga suka yi wa kwanton ɓauna ba a gardama a kansa. To wanda motar sintiri ta kife da shi a hanyar zuwa kai ɗauki fa? Wanda ya ji rauni a artabu, ya yi jinyar shekara biyu, ya rasu a gida bayan an sallame shi? Wanda aka bi har gida aka kashe don an san ɗan sanda ne, alhali yana hutu? Direba farar hula ko mai shara da bam ya rutsa da shi a harabar ofis? Wanda aka ɗauke ba a ga gawarsa ba har yau? Shawarata ita ce duk wanda aikin ne sanadin ajalinsa ya shiga, har da farar hular da ke cin albashin rundunar, wanda ya ɓace kuma a sa masa wata 'yar alama a gefen suna. Sai mai ɗacin: jami'in da ya mutu yana cikin aikata abin da doka ta hana. Wannan ku yanke shi tun yanzu, a ƙa'idance, ba tare da an kama sunan kowa ba, domin ranar da fayil ɗin ɗan'uwan wani babba ya zo gabanku ba za ku iya yankewa ba.

Daga wace shekara? Rundunar 'yan sandan Nijeriya a matsayin abu guda ta samu ne a 1930, a Arewa kuma ga 'yan doka na En'e da aka haɗe da ita daga baya. Komawa can aikin masana tarihi ne. Ku fara daga shekarar da aka ƙirƙiri jiharku, ku bar wani ɓangare a farkon katangar ga na baya in an gano su. Ko a 'yan shekarun nan ma jerin ba ƙarami ba ne. Wanda ya ga Kano ranar Juma'a 20 ga Janairu, 2012, da aka kai hari hedikwatar Bompai da ofishin shiyya ta ɗaya da wasu caji ofis a yammaci guda, ko ya tuna 'yan sandan kwantar da tarzoma da aka yi wa kisan gilla a Alakyo ta jihar Nasarawa a watan Mayun 2013, ya san rana ɗaya kan cika allo guda.

Kada ku dogara da fayil na ofis shi kaɗai. Magatakarda sukan rubuta Mohd, su mayar da Ɗanladi Danladi, su juya sunan uba ya koma na ɗa, balle sunayen Tibi da Ibo da Jukun da aka turo aiki Arewa, waɗanda ake yi wa kisan mummuƙe a takarda. Na taɓa yin allon sunaye na wata makaranta, na ɗalibai da malamai da suka rasu a haɗarin mota. Na karɓi jerin daga ofis na miƙa wa mai sassaƙa. Ranar buɗewa wata dattijuwa ta zo da jikanta yana karanta mata, da ya kai kan sunan 'yarta sai ta ce ba ita ba ce. An rubuta Hasana, ita kuwa Usaina ce, Hasanar tana nan da ranta tana tsaye a bayanmu. Ban taɓa jin kunya irin ta wannan rana ba, kuma sai da aka ciro allon gaba ɗaya, domin dutse ba ya karɓar gyara. Tun daga nan dokata ita ce: a buga jerin a takarda daidai girman da zai fito, a kafe shi wata uku a ofisoshin shiyya da fadar hakimai, a karanta a rediyo da Hausa da sauran harsunan jihar, sannan kowane suna sai wani daga iyalin ya sa hannu ko ya dangwala yatsa.

Yadda za a jera su ma magana ce. Rundunarku ta ginu a kan muƙami, za a so kwamishina a sama, kurtu a ƙasa. Ina roƙon ku ƙi. A sahun jana'iza ba a tambayar igiya nawa mamaci ke da ita. Jerin abacada kuma yana wargaza kansa duk lokacin da aka samu sabon suna. Ku bi ranar rasuwa, kamar yadda Maya Lin ta yi. Waɗanda suka faɗi tare a mota ɗaya za su kasance tare a dutse, abokinsu da ya tsira in ya zo zai same su a wuri guda. Haruffan kowa girma ɗaya: muƙami, suna, lambar aiki, ranar rasuwa. A ajiye littafi a wajen mai gadi mai jerin abacada da lambar allo, don mai nema.

Ga ɗan lissafi ku riƙe. Harafi mai tsawon santimita 2.5, tazarar layi santimita 5. Rubutu ya fara daga santimita 60 daga ƙasa ya tsaya a 170, yadda yaro da tsohuwa da wanda ke kan keken guragu duk idonsu zai kai. Layi 22 ke nan a allo mai faɗin santimita 60. In sunayenku 300 ne, allo 14, katanga mita takwas da 'yan kai. Ku ninka shi biyu saboda gaba. Abin da ke da nauyi a zuciya shi ne allunan da babu rubutu, domin jami'in da ke aiki yanzu in ya gani ya san me suke jira. Ni nakan gina katangar duka, amma ba na manna dutsen sai an buƙata, sauran a bar shi da shafe irin na makuba kamar katangar gida.

Rubutun kan ƙofa ya zama gajere, da Hausa da Turanci da ajami: "Waɗanda suka rasu a bakin aiki." Kalmar shahidai za ta taso. Imamu Buhari yana da babi guda a kan cewa ba a yanke wa wane shahada, kuma katangar ta Musulmi da Kirista ce, don haka a bar kalmar a bakin masu addu'a, kada a sa ta a dutse.

Wuri

Shataletale na masu wucewa ne a guje. Babu wanda zai tsallaka tsakanin tirela da adaidaita-sahu da goyo a baya don ya karanta suna, kuma ranar da gwamna na gaba ya so gadar sama, katafila ce za ta yi muku sallama. Cikin hedikwata ma bai yi ba, ko da yake nan ne zai fi sauƙin samun fili. Tun hare-haren 2011 da 2012 ofisoshin 'yan sanda suka koma bayan shinge da buhunan yashi. Matar kurtu da aka fitar daga bariki bayan rasuwar mijinta ba za ta zo ta tsaya a gaban mai gadi tana bayanin kanta ba.

Ku nemi fili a gefen titin da motar haya ke bi, kusa da ofishin 'yan sanda yadda ido zai kai, amma da ƙofarsa daban wadda ba a tambayar kowa kati. Fuloti biyu sun isa. A sami takardar mallaka da sunan amintattu, ba alkawarin baki na wani shugaban ƙaramar hukuma ba.

Fasalin kuwa ba sai mun je aro ba. Gidan Bahaushe yana da zaure, wurin da mai shigowa ke rage sauri, idonsa ya huta daga rana, hayaniyar titi ta yanke. A yi ɗan zaure mai rufin bakan gizo, irin wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya ƙware a kai a masallacin Juma'a na Zariya, daga nan a fita tsakar gida, katangar sunaye a gefe, dakali a fuskantarta. A lura da alƙibla: kada katangar ta zama a gabas yadda mai sallah a wurin zai fuskance ta. In ta kasance a kudu, rubutun na kallon arewa, an huta da wannan, an kuma rage dukan rana a yawancin shekara. Ban da matakala, a yi gangara, domin cikin masu zuwa akwai abokan aikinku da suka bar ƙafa a daji. A bar fili da zai ɗauki faretin ranar 7 ga Afrilu, wadda gwamnatin tarayya ta ware a matsayin ranar 'yan sanda, amma kada a zana wurin don wannan rana ɗaya a manta da sauran 364.

Dutse, rana da 'yan jari-bola

Baƙin giranit mai sheƙi yana da kyau a hoto, amma a watan Afrilu da azahar ba ya taɓuwa, ƙurar hunturu kuma a kansa ta fi fitowa. Ku ɗauki mai ruwan toka, wanda ake fasawa a nan gida, a goge shi ba har ya yi ƙyalli ba, a zurfafa haruffa da feshin yashi. Mabul yana da laushi, yana shan datti, gefen harafinsa kan lalace. Tagulla da alminiyon kada a kusance su, ko harafi ɗaya, domin kafin arba'in suna kan sikelin 'yan jari-bola. Fitilar sola a ɗaga ta sama, batirin a cikin ɗakin mai gadi.

Famfon feshi a soke shi. Ku zaga garinku ku ƙirga irinsa nawa ke aiki, sauran sun zama gidan sauro da leda. Kuɗinsa a haƙa rijiyar burtsatse a sa famfo a jikin katanga ta waje, unguwa ta ɗiba. Wannan shi ne abin da mutanenmu suka sani da sadaka mai gudana, kuma mutanen da ke shan ruwan wuri su ne masu gadinsa na gaskiya. Bishiya kuwa darbejiya ta fi saurin ba da inuwa, tsamiya da maɗaci sun fi daɗewa, sai a haɗa. A nisanta su daga harsashin katanga kamar mita biyar, ceɗiya da durumi kuma a bar su, saiwarsu na ɗaga daɓe. A dasa da faɗuwar damina, a kewaye saboda awaki.

Daga duk naira ɗari da kuka tara, ku ware ashirin a asusu daban don albashin mai gadi da mai shara da sassaƙa sababbin sunaye. In kuɗin bai kai ba a rage ginin, kada a taɓa asusun.

Matan da suka ce a fara biyansu

Gaskiyarsu ce, kuma a nan iyakar sana'ata take. Babu zanen da zai biya kuɗin makarantar maraya. In kuka buɗe katanga mai tsada alhali fayil ɗin haƙƙin mijin ɗayarsu yana kwance shekara biyar, za ta ga sunansa a dutse a matsayin cin fuska. Abin da zan iya cewa shi ne aikin tattara sunayen nan shi ne kuma aikin gano wa aka biya, wa ba a biya ba. Fom ɗin da iyali za su sa wa hannu a ƙara masa layi biyu: an biya haƙƙi ko ba a biya ba, yara nawa ya bari. Ƙungiyar tsofaffin jami'ai da ta shiga ofishin kwamishina da irin wannan jeri a hannu, da lambar aikin kowa, ba a sallamarta da "za mu duba".

Ku sa aƙalla biyu daga cikin matan a kwamiti, masu ƙuri'a, ba 'yan rakiya ba, ɗaya Musulma ɗaya Kirista. Ɗan kwangilar kuma ku gode masa ku ce ya dakata. Idan jerin ya kammala, ku gayyaci masu zane uku ko huɗu, ko sashen zanen gine-gine na jami'a ko kwalejin kimiyya da fasaha mafi kusa da ku, kowa ya kawo ɗan samfuri na kwali da za a ɗora a tebur. Kafin a zaɓa, a je filin da ƙarfe biyu na rana, a ja layin katangar da toka a ƙasa, a kafa allon katako guda mai sunaye 22 a takarda, a kira matan su tsaya a gabansa su faɗi abin da suka gani.